Hukuncin haɗa karatun fim da falsafa a jami'a

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Na samu gurbin karatu a wata jami'a a Ingila, digiri ɗaya da ya haɗa fim da falsafa. Baffana ya ce falsafa kafirci ce, fim kuma iskanci, kada in kuskura. Mene ne hukunci?

Amsa: Wa alaikumus salam. Ɗana, tsoron baffanka yana da tushe, sai dai ya yi wa abin kuɗin goro.

Imam Gazali, wanda ya rasu a 505 bayan hijira, ya kasa falsafa gida shida, har da lissafi da manɗiƙi (ilimin auna hujja da hankali) da siyasa. A mas'aloli uku ya kafirta masu ita: cewa duniya ba ta da farko, cewa Allah bai san abubuwa dalla-dalla ba, da musun tashin jikkuna ranar ƙiyama. Shi ne kuma ya ce mai ƙaryata lissafin kusufi da sunan kare addini, addinin yake cutarwa.

Duk wanda ya karanta littafin Sullam na Akhdari a zaure ya san saɓanin da ke kan manɗiƙi. Ibnu Salah da Nawawi sun haramta, wasu sun ce a koya, ingantaccen zance kuwa ya halatta ga mai basira wanda ya goge da Alƙur'ani da Sunna. Shehu Magili ma, da ya zauna Kano zamanin Sarki Rumfa, ya kare manɗiƙi a baitocin da ya aika wa Suyuɗi. Wannan sharaɗin na basira da gogewa da Alƙur'ani da Sunna nake ɗora maka, har ya fi nauyi a kanka, domin malaminka can zai jera maka hujjojin masu musun samuwar Allah, ya ce ka auna su a takarda. In aƙidarka ba ta wuce ta Islamiyyar yarinta ba, ka fara zama gaban malami tukuna.

Fim kayan aiki ne, hukuncinsa na bin abin da aka ɗauka da shi. Koyon riƙe kyamara, tace hoto da tsara labari halal ne. Inda gizo ke saƙar shi ne finafinan da za a wajabta maka kallo a aji, wasu da tsiraici a fili, sai keɓancewa da mace wajen aikin rukuni. Ka nemi jadawalin darussa tun kafin ka biya kuɗin makaranta, ka tambaya ko ana ba da zaɓi.

In sharuɗɗan nan sun cika, ya halatta. In ka ji shubuha ta fara zauna maka, sauya fanni ya zama wajibi. Baffa kuma ka je masa da ladabi ka karanta masa amsar nan. Wallahu a'alam.