Tayar Keke ko ta mota a tirelar kwale-kwale?

Wani bawan Allah daga yankin Kirikasamma ya aiko da tambaya: "Ina da kwale-kwale da nake ba masunta haya, ina kuma sarin kifi. A 'yar tirela nake jan sa bayan mota zuwa inda ruwa ya kwanta. Mai walda ya haɗa min ita da tayar Keke Napep, ga shi kusan kullum ina wajen mai faci. An ce in koma tayar mota. Kuɗin zai fita kuwa?"

Malam, Allah ya sa wa neman albarka. In hanyarka tana da nisa, kamar daga Haɗejia zuwa wajen Baturiya ko Guri, ni dai ina ganin ka canza.

Tayar Keke rim ɗinta inci 8 ne, tsayinta duka bai fi inci 16 ko 17 ba. Ta ƙaramar mota mai rim 13 tana kai wajen inci 23. Ke nan a tafiya ɗaya babbar tana rage juyi da kusan kashi ɗaya cikin huɗu. Juyi ke kawo zafi, zafi kuma shi ke cinye roba ya narkar da giris ɗin boris. Ka taɓa tsakiyar tayarka bayan doguwar tafiya, za ka ji abin da nake faɗa. Ga kuma rami da yashi: inda ƙaramar za ta faɗa ta maƙale, babbar sai ta haye.

Amma lissafin da nake so ka yi ba na faci ba ne kaɗai. Ka tuna sau nawa taya ta tsayar da kai daga daminar bara zuwa yau. Duk tsayuwa ɗaya hayar yini ce ta tafi, in kuma da ɗanyen kifi a mota rana ta take, ka san yadda mai saye zai taya shi. Wannan asarar ita za ka ɗora a kan sikeli da kuɗin canjin. A kuɗin canjin kuwa ka sa taya uku har da ta ajiya, da rim, da aikin mai walda, don rim ɗin mota ba ya zama a mazaunin na Keke. Sau da yawa sai an sauya aksil ɗin gaba ɗaya. In ka shiga Ƙofar Ruwa a Kano, ka sayi aksil da rim ɗinsa tare, kada ka je gida ka tarar ramukan noti ba su hau ba.

Abin da ya fi damuna shi ne kada ka ga tirela ta miƙe ka ɗauka yanzu za ta ɗauki komai, ka lafta mata koma da inji da kwandunan kifi. Ƙarfen jikinta da sifirin ɗinta suna nan yadda suke. Za ta kuma ɗaga sama da kusan inci 3, don haka sai an gyara mahaɗarta da mota ta daidaita, sannan wajen sauke jirgi sai ka ƙara shiga ruwa. A gaɓa mai laka wannan ba ƙaramin abu ba ne. Kuma in ka iso, ka bar ta ta huce kafin ta shiga, domin boris mai zafi yana zuƙar ruwa.

In taya ta hannu za ka saya, ka duba lambobi huɗu na ƙarshe bayan haruffan DOT da ke rubuce a gefenta. Biyun farko makon da aka ƙera ta ne, biyun ƙarshe shekara: 3221 na nufin mako na 32 na 2021. Mai tsattsage a gefe ka bar ta, ko da zanenta bai suɗe ba.

Kada ka ci bashi a kan wannan, kada kuma ka taɓa jarin kifi. Ka riƙa ware wani abu daga kuɗin haya, ka yi aikin da rani, kafin ruwan Agusta ya sa kowa neman jirgi.