Ciyawar gidan Hajiya ta yi ja, kai kuma kana neman hanyar gaggawa

Sani, ka ce ciyawar gidan da kake wa aiki a unguwar Madina, nan Ankara ta Gana, ta yi ja, ta yi sanƙo nan da can, Hajiya kuma ta hana feshi da takin kanti don jikokinta na birgima a kai. Har da tambayata ko ka watsa takin amoniya a ɓoye. Da a gabana ka faɗa, da ka sha ranƙwashi.

Amoniyar nan ce ta raba ni da injina na yankan ciyawa na farko. Wani mai kuɗi a unguwar East Legon ya ba ni aikin farfajiyarsa. Tifa 3 na baƙar ƙasa na zuba, ni da yara huɗu muka yi mako uku a tsugune muna dasa ciyawar kafet tushe-tushe. Ya ba ni rabin kuɗi kafin alƙalami, sauran sai bayan bikin 'yarsa a ƙarshen Janairu. Tsakiyar hunturu ke nan, na ce masa sabuwar ciyawa ba ta son a tsokane ta yanzu. Ashe wani abokinsa ya hure masa kunne. Sai mai gidan ya sa maigadi ya watsa rabin buhun amoniya da rana tsaka, ko ɗigon ruwa bai bi baya ba. Kwana uku na dawo na tarar da fili ya ƙone layi-layi, kowane layi a lanƙwashe kamar lauje, daidai yadda hannun maigadin ya riƙa wurgawa. Ga farin ƙwayoyin nan ma a gindin katanga ba su narke ba. Mutumin nan ya dube ni ido cikin ido ya ce matacciyar ciyawa na sayar masa.

Don haushi na kama tiyo zan wanke fuska, ruwan ya shiga bakina: zartsi! Da can ya ce min ruwan famfo ne, ashe na burtsatse ne mai gishiri. Nan kam laifina ne, wata biyu ban taɓa ɗanɗanawa ba. Sidi 4,000 ya danne. Injin na sayar na sallami yaran, shi kuwa ya shimfiɗa ciyawar roba aka sha biki. Har yau in trotro, wato motar haya, ya bi ta layin, kau da kai nake.

Saboda haka fara kurɓar ruwan gidan. In da gishiri, faɗa wa Hajiya gaskiya, a tari ruwan sama a tanki. Ankara ba Kumasi ba ce, ruwan da muke samu a shekara yana wajen milimita 800 ne, can kusan ninki biyu. Kafet na son laima da 'yar inuwa. Inda rana ke duka wuni guda, kiri-kiri ce ke jurewa, wadda masu sayarwa ke kira Bahama.

Sannan ka soka wuƙa a ƙasa. In ta yi tauri kamar daɓe, babu tana ko ɗaya, ƙasar ce ke ciwo. Huda ta da babban cokalin lambu mai yatsu, ka samo kashin shanu daga kasuwar shanu ta Turaku a Ashaiman, wanda ya ruɓe ya yi baƙi ya daina wari. Tankaɗe shi, ka barbaɗa kaurin ɗan yatsa, ka bi da manjagara. Ɗanye ƙonawa yake, ya kawo maka irin ciyayin daji kyauta.

Ku yaran yanzu aski kuke wa ciyawa, tal-kwabo, don ku daɗe ba ku koma ba, ku samu lokacin danna waya. Ɗaga bakin injin, kada ka cire fiye da kashi ɗaya cikin uku na tsawonta, abin da ya zuba kuma ka bar shi nan ya zama taki. Ban ruwa da asuba, sau biyu a mako, ya ratsa ƙasa sosai. Yayyafin kowace yamma saiwa yake hanawa nitsewa.

In ka ga tsutsa, darbejiya ta cika Ankara. Daka 'ya'yanta, jiƙa su kwana, tace, ɗan sa baƙin sabulun alata, ka fesa bayan la'asar. Aya-aya kuwa tono ta ake har ƙwayarta, in ka tsinke ganye kawai gobe tana nan.

Yadda ake cike sanƙon ba zan ɓata bakina ba, shekara biyu kana bina. Jira dai ruwan Afrilu ya sauka. Kuma ka dawo min da addata ranar Juma'a.