Re: Ina son zama malamar jami'a a fannin bunƙasar tunanin yara, ta ina zan fara?

Wa alaikumus salam 'yar'uwa. Tunda kin ce digirinki na farko a fannin ilimi kika yi, hanya a buɗe take. Ki nemi digiri na biyu a ilimin halayyar ɗalibai, akwai shi a BUK da ABU. In kuma zallar ilimin halayyar ɗan Adam kike so, Jami'ar Jos da ta Ibadan suna da sashensa. Sai dai ki sani, in babu digiri na uku, babu ci gaba a aikin jami'a, kuma tallafin TETFund, asusun gwamnati na tallafa wa manyan makarantu, sai wanda ya riga ya samu gurbin koyarwa.

Abin da ya fi ba sababbi wuya shi ne lissafin ƙididdiga, don haka ki kama shi tun yanzu. Binciken kansa haƙuri yake ci: yaro ɗan shekara 3 ba ya cike takardar tambayoyi, sai ki zauna a tabarma kina kallo kina rubutawa, bayan iyayensa sun amince. Haka masaniyar halayyar yara Mary Ainsworth ta yi a Uganda a 1954, tana bin gidaje tana lura da shaƙuwar jarirai da uwayensu. A ganina ki zaɓi batu na gida, kamar yaye ko koyo da harshen uwa.