Ƙaninka da maganar zama ɗan boksin kamar Joshua

Assalamu alaikum. Ɗan'uwa na ga tambayarka, cewa ƙaninka ɗan shekara 19 ya nace shi sai ya zama ɗan boksin kamar Anthony Joshua, har yana maganar barin garejin da yake koyon kanikanci, kana son sanin ko lokaci bai ƙure mishi ba, kuma shi wannan Joshuan waye shi da har yaro zai rikice a kansa haka. Na ga wasu sun ce ka zane shi kawai ya dawo hankalinsa, wasu kuma sun ce ka ƙyale shi ai Joshua ma yana da 18 ya fara. Duka amsoshin biyu ba su kwanta mini ba. Ni na yi boksin a nan Gombe lokacin samartaka, ajin marasa nauyi, yanzu walda nake yi ta wajen Tudun Wada amma har yau yara suna zuwa wurina in nuna musu tsayuwa da yadda ake jefa hannu, kuma Joshua tun yana ɗan koyo nake bin dambensa, to bari in faɗi iya abin da na sani.

Gaskiya ne a 2007 ya fara, yana da shekara 18. An haife shi a Watford ta Ingila a watan Oktoba 1989, asalin gidansu Yarbawan Sagamu ne a jihar Ogun, ya ma ɗan yi makarantar kwana ta Mayflower a Ikenne kafin a mayar da shi can. Kuma ba yaron kirki ba ne a lokacin, shi da bakinsa yake faɗa. An tsare shi a kurkukun Reading a 2009 kan rigima, a 2011 kuma 'yan sanda suka kama shi da wiwi a mota alhali ya riga ya shiga tawagar Birtaniya, aka dakatar da shi, kotu ta sa shi aikin gayya na awa 100 ba biya. Wani ɗan'uwansa ne ya fara jan shi zuwa wani ƙaramin kulob a Finchley, kuma a wannan tsakanin birkila yake yi, yana ɗora bulo yana zuwa tirenin. Wannan wurin nake so ka karanta wa ƙaninka sau biyu, mutumin bai ajiye sana'a ranar da ya fara sa safar dambe ba.

Abin da masu cewa "ai a 18 ya fara" ba sa faɗa shi ne abin da ya tarar. Ya tarar da kulob mai koci, mai ringi, mai abokan gwaji masu nauyinsa, mai gasa kusan kowane wata. Da ya nuna alama aka ɗauke shi zuwa Sheffield inda tawagar ƙasa take atisaye, ana ba shi abinci da wurin kwana da likita da alawus, kocin tawagar Rob McCracken yana kansa safe da yamma. Shi ya sa cikin shekara huɗu ya ci azurfa a gasar duniya a Baku a 2011, shekara ta zagayo ya ci zinare a Olamfik ta Landan 2012 a kan Roberto Cammarelle ɗan Italiya, shi ma da ƙyar, maki 18 da 18 suka yi sai da alƙalai suka koma lissafi. Ga kuma jiki, tsawonsa ya kusa mita biyu, irin halittar da a ajin masu nauyi ko ka makara za ka iya cim ma mutane don ba su da yawa. Idan ƙaninka kilo 60 ne ko 65 to a wannan ajin yaran da zai haɗu da su tun suna shekara goma suke ringi, ƙafarsu da idonsu sun riga sun nuna.

Joshua ya koma damben kuɗi a 2013 ƙarƙashin mai shirya dambe Eddie Hearn, yana ta zubar da mutane a turmi na ɗaya na biyu, ya buge Dillian Whyte a 2015, ya karɓi kambun duniya na hukumar dambe ta IBF daga hannun Charles Martin a Afrilun 2016 cikin turmi biyu. Duk wannan ni ban ɗauke shi da zafi ba lokacin, don wanda bai taɓa shan naushin gaske ba ba ka san ko waye shi ba tukuna.

Daren 29 ga Afrilu 2017 ne na yarda da shi. A wani gidan kallo a Jekadafari muka kalla, zafin Afrilun Gombe kun san shi, ga janareto yana ƙara, benci ya cika har wasu suna tsugune a gaba, wajen goman dare aka fara. Filin Wembley na Landan, mutum 90,000, shi da Wladimir Klitschko wanda ya riƙe ajin kusan shekara goma. A turmi na biyar Joshua ya kayar da dattijon, ya ɗaga hannu yana murna, ya zuba duk ƙarfinsa yana son gamawa, kafin turmin ya ƙare sai ka ga bakinsa a buɗe, hannayensa sun yi nauyi, ƙafa ta daina ɗagawa. Wanda ya taɓa shiga ringi ya san wannan gajiyar, huhunka kamar an zuba barkono, kana ganin naushi yana zuwa amma hannunka ya ƙi tashi. A na shida Klitschko ya dirka mishi dama ya faɗi, karon farko a damben kuɗi. Gidan kallo ya kaure, wani a bayana yana ta cewa shikenan an gama da yaro. Ya tashi, ya riƙa riƙewa yana ja da baya yana satar numfashi turmi bayan turmi har ƙarfi ya dawo, a na 11 ya sakar mishi wani naushi ta ƙasan haɓa da ya ɗaga kan Klitschko sama, ya kayar da shi sau biyu rafali ya shiga tsakani. Daga nan ya haɗa da kambun WBO a hannun Joseph Parker a Cardiff a 2018, ya buge Povetkin, ya zama yana riƙe da uku cikin manyan kambuna huɗu.

To amma ka lura da abin da ya faru a turmi na biyar ɗin nan, don shi ne ciwon da ya bi shi har yau, kuma a ganina shi ne kuɗin da ya biya na fara dambe a makare. Da zarar ya ga abokin karawa ya jigata sai ya manta da garkuwa ya afka. Ranar 1 ga Yuni 2019 a zauren Madison Square Garden na New York, a wurinmu asubahin goman ƙarshe na azumi ne, mun dawo daga tahajjud ana shirin sahur muna kallo a waya, aka haɗa shi da Andy Ruiz, wani gajere mai tumbi da aka kawo a makwafin Jarrell Miller wanda gwajin ƙwaya ya kama. Kowa dariya yake. A turmi na uku Joshua ya kayar da shi, ya afka zai gama, Ruiz ya ɗauke shi da hagu a gefen kai wajen kunne, daga nan ƙafarsa ba ta ƙara dawowa daidai ba, sau huɗu yana zuwa ƙasa, a na bakwai aka tsayar. Naushin gefen kunne ba zafi ne matsalarsa ba, jiri ne, ƙasa ta riƙa juya maka. Ni na taɓa shan irinsa a hannun wani yaro soja a wurin gwaji, ina jin koci yana magana amma kamar daga cikin rijiya.

Abin da ya yi bayan nan shi ne ya sa har gobe nake ganin girmansa. Bai ce an yi mishi asiri ba, bai zagi rafali ba, ya yaba wa Ruiz a cikin ringin. Ya koma ya rage jiki, ya koyi yawo da ƙafa, a Disambar shekarar a Diriyah ta Saudiyya ya yi turmi 12 yana tsikarinsa daga nesa yana zamewa, ya karɓe kambunansa da maki. Shi kuwa Ruiz ya zo ya ƙara ƙiba kusan kilo bakwai, da bakinsa ya ce shagali ya tsaya yi bai yi tirenin ba. Bayan nan ne Joshua ya kai wa Buhari kambunan a Landan a farkon 2020 har ya kwanta ƙasa ya gaishe shi irin gaisuwar Yarbawa, hoton ya zaga ko'ina.

Sai Oleksandr Usyk ɗan Yukiren, bahago, wanda ya taso daga ajin da ke ƙasa, bai kai shi girma ba. Shi ma zinare ya ci a Landan 2012 ɗin, amma damben koyo sama da 300 ya yi, Joshua kuwa nashi bai kai 50 ba. Wannan ratar babu buhun da za ka daka ya cike maka ita. A Satumba 2021 a filin Tottenham Joshua ya sha kashi a hannunsa da maki, a Agusta 2022 a Jidda ya ƙara sha duk da ya fi ƙoƙari, har ransa ya ɓaci ya jefar da kambu biyu waje ya karɓi makirfo yana ta magana ba kan gado, daga baya a gaban 'yan jarida ya yi kuka. Wasu sun yi ta mishi dariya, ni kam tausayi ya ba ni, mutum ne da ya yi iya yinsa ya tarar wani ya fi shi sanin aikin. Ya canza koci ya sake canzawa, ya ci Franklin da Helenius da Wallin, ya shimfiɗe Francis Ngannou ɗan Kamaru a turmi na biyu a Riyad a Maris 2024, mutane suka ce ya dawo. A Satumba 2024 a Wembley Daniel Dubois ya kayar da shi tun turmin farko, a na biyar Joshua ya samu ya girgiza shi da dama, ya afka kamar kullum, ya ci karo da naushin da ya kwantar da shi. Zuwa wannan daren dambe 32 ya yi, ya ci 28, 25 a ciki ya gama da abokin karawa kafin turmukan su ƙare, ya faɗi 4.

Yanzu mu dawo gida. Najeriya ta fitar da zakarun duniya, Hogan Bassey a 1957, Dick Tiger a 1962 wanda ya kare kambunsa a Ibadan a 1963, Samuel Peter da ya ci WBC a 2008, amma kusan dukkansu sai da suka fita waje kafin abin ya yiwu. Efe Ajagba ma ta damben koyo ya bi, ya je Olamfik ta 2016 sannan ya wuce Amurka. A nan arewa maso gabas abin da muke da shi buhu ne da muke cikawa da yashi da dusar katako mu rataye a bishiya, safa ƙwaya biyu yara goma suna karɓa-karɓa tana warin gumi, robar baki ma wani sai ya yi dambe babu ita. Damben kuɗi yawanci a Legas yake, irin su GOtv Boxing Night, kuma abin da ƙaramin ɗan dambe yake samu idan ya cire mota da masauki da rabon koci da magani ba ya riƙe gida. Waɗanda na sani da boksin ya yi wa rana a cikinmu, ta hanyar gasar jihohi da bikin wasanni na ƙasa suka bi har suka samu shiga soja ko ɗan sanda ko sibil difens, albashi ne ya riƙe su ba naushi ba.

Kuma kar wani ya ce mishi ai mu 'yan dambe ne tun kaka da kakanni. Damben gargajiya daban, hannu ɗaya ake naɗewa da kara, ɗayan na kariya da auna nisa, turmi uku, da ka taɓa ƙasa an kashe ka. Yaran da suke zuwa mini daga can suna da zuciya wallahi, amma sai an yi wata da watanni ana raba su da sakin haɓa a waje da dogaro da hannu ɗaya.

Maganar lafiya kuma ba wasa ba ce. Muhammad Ali ya yi sama da shekara 30 yana fama da ciwon karkarwa kafin ya rasu a 2016. A Maris 2025 ɗan Najeriya Segun Olanrewaju ya yanke jiki ya faɗi ana cikin dambe a Accra, bai tashi ba. Cikin waɗanda muka yi tare akwai wanda yanzu maganarsa ta yi nauyi, yana mantuwa, kuma ba ya da ko sisi da zai nuna na damben. Akwai kuma hadisin da ya hana dukan fuska, malamai da yawa sun yi magana a kan boksin saboda shi, wannan ku zauna da malaminku shi da kai, ni ba fagena ba ne.

Da ni ne kai ba zan hana shi ba kuma ba zan bar shi ya saki gareji ba. Hanawa da duka sai dai ta kai shi damben lungu inda babu hular kariya babu mai tsayarwa. Ka ce mishi ka yarda da sharaɗi, gudu bayan sallar asuba, gareji da rana, tirenin bayan la'asar, na wata shida ba fashi, kuma a wurin koci na gaske, wanda ba zai sa shi gwaji da wanda ya fi shi nauyi ba, ba zai kuma bar shi ya ci gaba ranar da ya ce kansa yana ciwo ba. A kai shi asibiti a duba hawan jini da zuciya da ido tukuna. Ba ƙwaya, ba tiramol, ba maganin ƙarfi, wannan kam ka sa ido sosai don ya yi yawa cikin yara yanzu. Yawancin masu zuwa da zafin bidiyon Joshua tsallen igiya da gudu kaɗai suke korarsu kafin wata biyu, in ya faɗa cikinsu ka ga bai yi asarar sana'a ba. In kuma ya jure, ranar da aka fara fasa mishi hanci ka duba ko washegari zai dawo, in ya dawo sai a fara maganar yi mishi rajista da ƙungiyar boksin ta jiha.

Idan kuna cikin gari ka turo shi, da sassafe ina ta wajen filin wasa na Pantami ranakun Asabar da Lahadi. Ya zo da gajeren wando da kambas da ruwansa, kuma ya zo da yardar mahaifiyarku, don ba na koya wa yaron da uwarsa ba ta sani ba.