Ɗaukar hoto a bikin aboki

Malam, ka ce abokinka ya ɗora maka ɗaukar hoton bikinsa alhali ba ka taɓa yi ba. Ɗaurin aure ne zai fi ba ka wuya, domin kafin ka saita kyamara an shafa fatiha an watse. Ka riga kowa isa masallacin. Farar shadda kuma ƙona hoto take yi da tsakar rana, aikin wuyan babbar riga ya ɓace ɓat, sai ka rage haske ko ka ja ango inuwa.

Ranar kamu nemi ƙanwar amarya ta shige maka gaba, ita ta san gwaggon da ba ta son hoto. Riƙe batir biyu. Nawa ya taɓa mutuwa ana tsakiyar buɗar kai.