Amsa ga mai tambayar ko ta mai da uban yarinyar mugu

Ƙanwata kin ce kina rubuta labarin yarinya ƴar shekara 15, kina tambaya ko ki mai da babanta mugu don labarin ya yi armashi. Ni dai shawarata kar ki yi.

Tun ina aji biyu a sakandare nake karanta littattafan labarai na Hausa, lokacin da muke hayarsu a shago mu ɓoye a tsakiyar littafin lissafi, har zuwa yanzu da aka koma Wattpad da WhatsApp, kuma wallahi na gaji da uban da kullum zai shigo yana zage-zage yana zare bel, ko kishiyar uwa mai bin bokaye. Ba wai babu irinsu ba, akwai. Balaraba Ramat Yakubu tun 1990 ta fitar da Wa Zai Auri Jahila? kan yarinyar da aka cire daga makaranta aka aurar, amma ita kanta an aurar da ita tana ƙarama, abin da ta sani ta rubuta shi ya sa ya ratsa mutane.

Ni ƴar fari ce, Innarmu har yau ba ta kiran sunana sai dai "ke". Ranar da na fara al'ada na kasa gaya mata, na je bayan ɗaki na wanke zanina a ɓoye, ta gani ta yi kamar ba ta gani ba, can da la'asar sai ga Goggo ta zo da sabulu da ƙyalle a leda ta zaunar da ni ta koya min wankan tsarki, ashe Inna ce ta aika aka kirawo ta. Baba kuwa bai taɓa yi min faɗa ido da ido ba, sai dai in jiyo shi yana ce wa Inna "ki gaya wa ƴarki na ga wanda ya tsaya da ita a ƙofar gida." Maganar nan sati guda ta hana ni barci, da dukana ya yi da ya fi min sauƙi.

Irin wannan nake so ki saka. Uban da ya sayar da ragonsa ya biya mata kuɗin WAEC, shi ne kuma zai ce ba za ta tafi jami'a Zariya ba, ita kuma tana durƙushe a gabansa zuciyarta na tafasa amma bakinta "to Baba" kawai yake cewa. Ki nuna mana inda take kai fushin bayan ta tashi, wajen kakarta ne ko ƙawarta ko saurayin da ke kiranta a wayar yayarta.

In kin gama babi na farko ki turo min in karanta, Allah ya ƙara basira.