Ejan ya ce mu koma Telegram: wace manhaja zan sa a kwamfutata?

Assalamu alaikum Malam. Ni 'yar Zariya ce, ina aikin kula da tsofaffi a wani gari a arewacin Ingila. Ƙanena ya gama digiri yana zaune babu aiki. Yayanmu ya samo wani ejan da ya ce zai samar masa CoS, wato shaidar cewa wani kamfanin Birtaniya ya ɗauke shi aiki wadda da ita ake neman biza, na aiki irin nawa a kan fam 9,000, rabi yanzu, rabi in takarda ta fito. Mun fara magana da shi a WhatsApp, sai ya ce mu koma Telegram, wai can ya fi tsaro kuma takardu ba sa lalacewa. Yana so in tura masa hoton fasfona da share code ɗina (lambar da ake duba matsayin bizata da ita a shafin gwamnati) da takardun albashina na wata uku, wai don a ga yaron yana da mai tsaya masa. Wayata ta cika, takardu ba sa karantuwa sosai a kanta, shi ya sa na sayi laftof. Wace manhaja ce ta fi dacewa in sa a ciki: WhatsApp, Telegram, ko Signal da wata abokiyar aikina ke yabawa? Kuma in ina aikin dare, zan iya buɗewa a kwamfutar ofis? Hajiya kullum sai ta kira tana kuka, Yaya kuma ya ce tun da na ƙetare na manta da gida.

Wa alaikumus salam, 'yar uwa.

Kafin mu shiga zancen manhaja, ki damƙe kuɗinki tukuna. Tun ranar 22 ga Yulin 2025 gwamnatin Birtaniya ta rufe ƙofar ɗauko masu aikin kula daga ƙasashen waje. Irinku da ke ciki an bar muku damar sabunta biza ko sauya wurin aiki har zuwa Yulin 2028, amma wanda ke zaune a Zariya yau ba shi da hanyar shigowa da sunan wannan aiki, ko wa ya tsaya masa. Abin da ejan ɗinku ke talla babu shi a kasuwa. Ko a zamanin da ƙofar ke buɗe, CoS ba hajar sayarwa ba ce. Lamba ce da kamfani mai lasisi ke fitarwa a na'urar ma'aikatar cikin gida, kuma an hana kamfanin ɗora wa ma'aikaci kuɗinta. Tsakanin Yulin 2022 da Disamban 2024 an ƙwace lasisin kamfanonin kula sama da 470, kuma na tabbata kin san wasu da hakan ya bari a tsakiyar titi.

To, me ya sa yake so ku koma Telegram? Nan ne tambayarki ta haɗu da matsalarki.

Telegram manhaja ce mai kyau a kwamfuta, ba zan rage mata komai ba. Da zarar kin shiga sau ɗaya ba ta ƙara neman wayarki, tana ɗaukar fayil har gigabait 2, kuma duk abin da aka turo yana nan ajiye a rumbun kamfanin, ki buɗe daga kowace na'ura. Amma maganar cewa ta fi WhatsApp tsaro ƙarya ce tsagwaronta. Hirar yau da kullum ta Telegram ba a kulle take daga mai aikawa zuwa mai karɓa ba, kamfanin na riƙe da ita. Sai an buɗe hirar sirri ta musamman ake samun wannan kulle, ita kuwa babu ita ma a Telegram Desktop na Windows. WhatsApp tun 2016 kowace hira a kulle take ba tare da kin taɓa komai ba.

Abin da ejan ke so a Telegram daban ne. Tun 2019, a hira tsakanin mutum biyu, kowanne ɓangare na iya goge kowane saƙo daga wayoyin biyu, nasa da naki duka, komai daɗewarsa, kuma ba a barin alama. Yana iya share hirar baki ɗaya da dannawa biyu. Wani matashi ya taɓa zuwa wurina da laftof ɗinsa a buɗe, zai nuna min alkawuran da aka yi masa da lambar asusun da ya zuba kuɗi. Muka danna sunan mutumin, sai farin fili, ko sallamar farko babu. Ya yi ta ja sama yana ja ƙasa da yatsa, yana cewa wallahi jiya da dare yana nan. Har hoton rasit ɗin da shi kansa ya tura ya tafi. Ga shi ba da lambar waya suka haɗu ba, da sunan laƙabi ne, shi ma an sauya shi. Irin wannan na gani ba sau ɗaya ba, kuma kusan kullum labarin da haka yake farawa: a yi gaisuwa a WhatsApp, da an zo maganar kuɗi a ce a koma can.

A WhatsApp mutum saƙonsa kaɗai zai iya gogewa daga wayarki, shi ma cikin kimanin kwana biyu, kuma sai ya bar shaidar cewa an goge wani abu. Gyaran saƙo kuwa minti 15 ne, kuma ana rubuta cewa an gyara. Tarkon da ke nan shi ne saƙo mai ɓacewa da kansa bayan awa 24 ko kwana 7 ko 90. Ɗaya ɓangaren na iya kunna shi, za ki ga ɗan rubutu a tsakiyar hira da alamar agogo a jikin hotonsa. In kin gani, ki kashe. In ya sake kunnawa, ya faɗa miki ko shi wane ne.

Saboda haka a laftof ɗinki WhatsApp za ki sa, shi ne na gida, shi Hajiya ta iya. Za ki haɗa shi da wayarki ta lambar QR, yana karɓar na'urori har huɗu bayan wayar, kuma yana aiki ko wayar na kashe, sai dai in ta kwana 14 ba a buɗe ta ba zai fitar da ke. Zancen takardu na lalacewa kuwa yana da ɗan tushe, amma maganinsa sauƙi ne: in aka tura takarda a matsayin hoto WhatsApp na matse ta, in aka tura ta a matsayin fayil tana zuwa yadda take. Rauninsa ɗaya da ya shafe ki shi ne kwafe hira don ajiya, wannan a waya ake yi, a wurin da aka rubuta Export chat. Ki yi shi yau ga hirarku ta farko da ejan, haɗe da saƙonnin murya, ki tura wa imel ɗinki, ki sauke a laftof.

In kun riga kun fara magana a Telegram, a nan ne Telegram Desktop zai yi miki rana, don yana iya sauke hira ɗungurungum da hotuna da muryoyi zuwa cikin kwamfuta, inda hannun ejan ba ya kaiwa. In sabuwar shiga ce yakan sa a jira awa 24 kafin ya yarda, don haka kafin lokacin ki ɗauki hoton allo na duk inda aka ambaci kuɗi da lambar asusu. Kada ki nuna masa kin farga sai kin gama.

Signal abokiyar aikinki ba ta yi ƙarya ba. Wajen sirri babu na biyunsa, ƙungiya ce mai zaman kanta ke tafiyar da shi, ba neman riba ba, kuma yana da na kwamfuta da ake haɗawa da waya. In lauyanki na amfani da shi, ki sa. Amma damuwarki yau ba ta masu leƙen asiri ba ce, ta shaida ce, kuma ba na jin za ki iya kwashe dangi daga Tudun Wada zuwa Sabon Gari ki mayar da su can. Skype da wasunmu suka saba kiran gida da shi an rufe shi tun Mayun 2025, kada ki ɓata lokacin nemansa.

Kwamfutar ofis kuwa, a'a. Kada ki kuskura. Na san yadda dare yake a gidan tsofaffi, ƙarfe uku ta yi, kowa ya yi barci, ga kwamfuta a gabanki. Amma da ƙararrawa ta buga a ɗakin wata tsohuwa za ki tashi a guje ki bar WhatsApp Web a buɗe, mai karɓar aiki da safe ya zauna a kan hirarku da Hajiya da hoton fasfonki. Teams ɗin da suka ba ku, wato manhajar hira ta wurin aiki, shi ma na kamfani ne, masu kula da na'urorinsu na iya ajiyewa da duba abin da aka rubuta a ciki. Ki tuna wannan kamfanin shi ke ɗauke da bizarki. Ranar da manaja ya ga sunanki a cikin cinikin CoS, ba zai tsaya tambayar ko ke ce aka cuta ba. In kin taɓa buɗewa a can, ki shiga Linked devices a wayarki ki fitar da duk na'urar da ba ki gane ba.

Akwai abin da ba ki faɗa ba amma ina zargi, don yawancinku haka kuke: WhatsApp ɗinki a kan layin Najeriya yake, layin kuma yana Zariya a aljihun wani. Duk wanda ke riƙe da wannan layi, shi lambar nan mai alƙaluma shida za ta je wa, kuma da ita ake ƙwace asusu. In kuma layin ya daɗe a kwance, kamfanin waya na iya sayar da shi ga baƙo. Ki mayar da asusun kan lambarki ta Ingila ta wurin Change number, ba za ki rasa hirarrakinki da guruf-guruf ɗinki ba, sannan ki kunna tabbatarwa mai mataki biyu ki sa lambar sirri da imel.

Sai takardun da ya nema. A bizar aiki babu gurbin "yayarsa ta tsaya masa". Mai nema shi zai nuna fam 1,270 a asusunsa na kwana 28, ko kamfanin da ya ɗauke shi ya ɗauki wannan nauyi. Takardar albashinki ba ta da aikin yi a ciki. Share code kuwa da ranar haihuwa ake buɗe shi, ranar haihuwarki na jikin fasfo, kuma yana aiki har kwana 90. Wanda ya haɗa ukun nan ya samu abin da zai nuna wa na gaba a layi ya ce ga wadda na kai, ko ya ba wata ta nemi aiki da sunanki. Kowace manhaja kika bi kika tura, da zarar sun isa hannunsa kulle-kullen saƙo bai amfane ki da komai ba. Shi kuma ƙanenki, in aka shigar masa da takardar bogi, hukuncin yaudara na iya hana shi shiga Birtaniya shekara 10, ko da daga baya ya samu gurbin karatu na gaskiya.

In kina so ki gwada ejan ɗin, tambaya biyu ta isa, kuma a rubuce a WhatsApp. Mene ne sunan kamfanin, don ki duba jerin masu lasisin ɗaukar ma'aikata da ke shafin gwamnati, kyauta ne kowa na iya gani. In kuma ya ce a Ingila yake, mece ce lambar rajistarsa da hukumar IAA mai sa ido kan masu ba da shawarar shige da fice, wadda a da ake kira OISC, tun da laifi ne a can mutum ya ba da shawarar shige da fice ba shi da rajista kuma ba lauya ba. Za ki ga ya koma kiran murya, ko ya fara fushi yana cewa ba ki yarda da shi ba.

Game da gida, ina bayanki. Hajiya uwa ce, kukanta na ɗanta ne da take gani a zaune, a lallashe ta, a yi mata bayani da taushi. Amma maganar Yaya ba adalci a cikinta. Wadda ke tsaye dare tana juya tsofaffi tana wanke su, ta raba albashi ta aika gida kowane wata, ba ita za a ce wa ta manta da gida ba. Zumunci bai wajabta miki miƙa gumin shekara ga mutumin da ko fuskarsa ba ku sani ba, balle ki jingina zamanki a ƙasar mutane. In bizarki ta samu matsala, ba ƙanenki kaɗai ya rasa ba, cefanen gidan ma ya tsaya. Ban ce Yaya na da kaso a ciki ba, wataƙila shi ma zaƙin baki aka yi masa. Sai dai banza ba ta kai zomo kasuwa, kuma sau da yawa akan yi wa wanda ya kawo mutum alkawarin la'ada. Ki tambaye shi cikin ladabi a ina suka haɗu, wa ya taɓa kaiwa, kuma a ba ki lambar wanda aka kai ɗin ki ji daga bakinsa.

Ga inda laftof zai yi miki amfani. Ranar hutunki ki kira su ta bidiyo a WhatsApp, Hajiya da Yaya da shi yaron, har da wani kawu da Yaya ke jin nauyinsa in akwai. WhatsApp na kwamfuta na ba da damar nuna allo ga waɗanda ake magana da su. Ki buɗe shafin gwamnatin Birtaniya inda aka rubuta cewa an rufe wannan hanya, ki sa ƙanenki ya karanta da bakinsa ya fassara wa Hajiya, tun da shi ne mai digiri. Daga nan ki faɗi abin da za ki iya ɗauka da gaske, jari ne ko kuɗin koyon sana'a ko na jarrabawar Turanci in karatu yake so, ki ambaci adadi da lokaci, kada ki bar shi a "in Allah ya hore".

In kuwa Yaya ya riga ya ba da wani kafin alƙalami ba ki sani ba, a nemo rasit da lambar asusun da aka zuba, a haɗa da hirar da kika sauke, ya je bankinsa ya shigar da ƙorafi a rubuce, sannan ya kai wa EFCC. Ya yi a makon nan, don irin waɗannan asusu ba a barin kuɗi ya kwana a cikinsu.